Taken Maigandi

Har gobe, in wani ya tare ni ya ce ai ku ne kuka fara kiɗan lantarki a Sakkwato, sai in ji kamar in ce masa ya kama gabansa. Mu ɗin ne, ban musa ba. Mun cika fili, mun shiga rediyo, faifanmu ya kai har Yamai da Ikko. Amma ba labarin da nake so a tare ni da shi ana washe baki ba ne.

Sunana Illo, ɗan Dodo Mai Ganga na Tungar Gawo, tafiyar awa guda a ƙafa in ka fita ta Ƙofar Kware. Kiɗan noma muka gada. Ba lallai ɗan birni ya san abin da ake nufi ba, don haka bari in faɗa. Kowane manomin da ya amsa sunansa yana da take, ɗan kiɗa nasa na kansa da ba a yi wa kowa sai shi. Ranar gayya, in gari ya taru a gonar mutum ɗaya, Baba zai rataya ganga ya bi manoma ɗaya bayan ɗaya. Da ya ɗora taken mutum, sai jikin mutumin ya ɗau tsuma, ya yi kirari, ya duƙa da galma. Kuma ba zai ɗago ba ko bayansa zai karye, sai Baba ya sauke shi. Saukewar bugu uku ce, biyu a haɗe, ɗaya a ware, sannan a dafe fatar ganga da tafin hannu. Ita ke gaya wa mutum an gani, ya isa, ya je ya sha ruwa.

Kafin Baba ya bar ni in riƙe gular kiɗa sai da ya cusa min abu biyu a kunne. Ba a ɗora taken mutum in ba ya wurin. Kuma ba a ɗora take a tafi ba a sauke ba. Kullum sai ya maimaita, har na gaji da ji.

A duk takunan da ke hannun Baba babu kamar na Maigandi. Kakana ne ya yi shi don uban Maigandi, shi kuma ya gaje shi tare da gona. Lokacin da nake ba da labari Maigandi ya haura sittin, dogo ne siriri, ba ya son yawan magana, amma in aka ɗora masa takensa babu saurayin da ke riga shi kai ƙarshen kunya. Shi da Baba tare suka taso. Damin geron da aka fara ɗaurewa a gonarsa gidanmu yake zuwa kowace kaka. Yayata Atika ma ɗansa take aure. Ka ga ke nan abin ya wuce na makaɗi da ubangidansa.

Ni kuwa fari ne ya koro ni birni. Na sami aikin masinja a wata ma'aikata, na kama ɗaki a Ƙofar Marke. A wurin kai takardu gidan rediyo na haɗu da Habila, mai gyaran na'urorinsu. Iyayensa mutanen kudancin Zariya ne, aikin koyarwa ya kawo babansa, shi kuma a nan aka haife shi, Sakkwatancinsa har ya fi nawa kauri. Ran Lahadi da safe shi ke kaɗa ogan, abin kiɗan nan da ake dannawa da yatsu, a cocinsu. Wata rana ina jiran a sa min hannu a takarda, ina ɗan buga benci da yatsu, sai ya tsaya a kaina ya ce in sake. Na sake. Ya ce in zo gidansu a Minanata ran Asabar.

Shekarar ce aka yi wa ma'aikata ƙarin albashin nan da ya haukata gari. Kowa ya sayi abin da ya daɗe yana mafarki, wasu babur, wasu rediyo mai kaset, wasu firjin da ba su da abin sa wa a ciki. Habila ogan na lantarki ya saya, da wani ɗan akwati mai fitar da kiɗa da kansa, da tsohuwar na'urar ɗaukar sauti mai zaren tef da aka yi gwanjonta a wurin aikinsu. Ƙanwarsa Rahila malamar firamare ce, Allah ya ba ta murya. Tare suke kiɗa da waƙa. Matsalarsu ɗaya, kiɗan akwatin nan ba shi da rai, kamar ɗigar ruwa daga indararo. Shi ya sa suka nemo ni. Muka yi wata uku muna ta fama, muna wasa ran Lahadi da la'asar a kulob ɗin ma'aikata. Mutane su ɗan taka, su koma su zauna. 'Yan Lantarki suke ce mana, rabi yabo rabi ba'a.

Sai ranar nan. Asabar ce bayan azahar, muna ɗakin Habila, hadarin farko ya haɗo daga gabas, iska ta kawo ƙamshin ƙasa. Ni da na shekara biyu ban ga gayya ba, sai kewar gida ta taso min. Ban san lokacin da hannuna ya tafi ba. Taken Maigandi na ɗora, na zagaya shi sau biyu ko uku, sannan na farga na ɗauke hannu kamar na taɓa garwashi. Ban sauke ba. Me zan sauke, tunda ba kowa a gona?

Ashe na'urar Habila tana juyawa. Ya mai da zaren baya, ya saurara, ya sake saurara. Ya ɗauko reza ya yanke zaren kamar kamu biyu, daidai inda taken ya fara da inda ya zagayo, ya haɗa bakin biyu da salatif ya zama zobe. Ya zura shi a na'urar, ya ja ɗaya gefen ya rataya a wuyan kwalbar lemo a kan tebur, ya kunna. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Taken ya zo ƙarshe ya koma farko, ya zo ƙarshe ya koma farko, ba numfashi, ba gajiya. Habila ya ɗora ogan a kai. Rahila da ke gugar kayan makaranta ta ajiye dutsen guga ta fara rera abin da ya zo bakinta, wai taka a hankali Laraba, ƙasa ba ta gudu.

Na ce musu wannan kiɗan yana da mai shi, ba a yin sa in ba ya nan. Habila ya tambaye ni ko mutumin zai zo kulob ne. Na ce a'a. Ya tambaya ko akwai lantarki a garinmu. Na ce babu. Ya ce to ina matsalar? Ba da mugunta ya faɗa ba, bai sani ba ne kawai. Ni ne na sani. In ɓera da sata, daddawa ma da wari, don gaskiyar magana ni ma abin ya yi min daɗi, kuma na gaji da ganin mutane suna komawa kujera. Na yi shiru, shirun nan kuwa shi ne amincewata.

Washegari da la'asar muka sa shi a kulob. Ba wanda ya zauna. Akawuna, malaman asibiti, 'yan kwangila masu ƙaton ciki, har masu kawo lemo suka ajiye faranti. Aka ce a sake, muka sake sau huɗu. Sati biyu bayan nan sojoji suka aiko da mota ta ɗauke mu zuwa barikinsu, wani Manjo ya cire hula yana rawa yana zufa. Kafin kaka mun je Kaduna, mun je Jos, mun je Kano inda da na buɗe baki sai su ce ga Basakkwace. Wani mai kamfanin faifai ya zo daga Ikko ya ɗauki waƙar, minti shida cur, ya rubuta mata suna Laraba. A ƙarshen faifan ba a tsayawa, sautin ne ke raguwa a hankali har ya ɓace. Wai haka ake yi yanzu.

Abin dariya, ni da na kawo kiɗan ba ni da aikin yi a cikinsa. Zoben tef ke yi. Ni dai in tsaya a gaba da ganga a rataye, cikin riga mai ƙyalli da wando mai faɗin ƙafa, ina ɗaga gula ina saukewa ba tare da na taɓa fata ba, 'yan mata suna nuna ni. Na bar aikin masinja. Na sayi agogo. Garinmu kuwa ban leƙa ba, ina ta cewa sai an sami sarari.

Da faifan ya fito bayan kaka, rediyo ta kama shi. A shirin zaɓi sonka kullum sai an sa Laraba, wani lokaci safe da yamma. Masu kaset a kasuwa suka kwafe shi suna sayarwa kamar ƙosai. In ka bi ta Ƙofar Marke za ka ji shi a shagon tela, ka wuce ka ji shi a wurin mai faci, ka shiga tasi ka same shi a ciki.

Cikin bazara, ranar wata Talata da rana tsaka, na dawo ɗaki na tarar da Yaya Atika zaune a bakin ƙofata. Ta kawo 'yarta asibiti ne. Na yi murna, na fara gaisuwa, ta amsa a taƙaice. Ko ruwan da na kawo ba ta sha ba.

"Illo, mi munka yi maka?" ta ce.

Sai ta ba ni labari. Mijinta ya sayar da shinkafar fadama ya sayo rediyo mai batir, irin wadda kowa ke saya. Ranar da aka fara kunna ta a tsakar gida, Maigandi yana zaune yana shan fura. Taken ya fito. Tsoho ya saki ludayi, jikinsa ya ɗau rawa, ya miƙe ya yi kirarin ubansa, ya fizgi galma ya yi bayan gida inda gonarsa ta fara. Rani ne, ƙasa ta bushe ƙamas. Ya yi ta sara yana jiran a sauke shi. Kiɗa ya yi ta tafiya, ya yi ta tafiya, ya ragu, ya ɓace, ba a sauke ba. Bai tsaya ba. Sai da 'ya'yansa biyu suka riƙe shi suka ƙwace galmar, tafin hannunsa duk ya fashe. Da ya dawo hayyacinsa abin da ya fara tambaya shi ne ina Dodo ya ɓuya, kuma me ya yi masa da zai kira shi da rani ya bar shi a duƙe.

Aka yi masa bayani cewa rediyo ce. Ya ji, amma jikinsa bai ji ba. Aka hana kunna rediyo a gidan, to maƙwabta fa? Ranar kasuwa ya faɗi gaban masu gishiri yana tsuma, ba galma a hannunsa, yana yaƙushin ƙasa. Samarin gari da suka gano sai suka mai da abin wasa. Su ɗauko kaset su bi bayansa in zai je masallaci, su danna, su tsaya suna kallo. Yanzu Laraba suke kiransa. Atika ta ce hutun da ya samu kawai shi ne kwanakin da sojoji suka yi rikicinsu a Ikko, rediyo ba ta sa komai sai badujala.

Na tambaye ta Baba fa. Ta ce tun ranar bai taɓa ganga ba, bai kuma taka gidan Maigandi ba, don mutanen gidan suna cewa shi ya sayar da taken ga 'yan birni. Ita kuma tana tsakiya, gidan miji ba daɗi, gidan uba ba daɗi. Ta goya 'yarta ta tafi, ta ƙi in raka ta ko zuwa bakin titi.

Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, da tsoro. Na tafi Minanata a ƙafa, ban ma tuna da tasi ba. Da na gaya wa Habila sai ya zauna a kan akwatin lasifika ya dafe kai. Rahila ta yi kuka. Na so in yi musu masifa, na ma fara, amma da wane baki? Habila ya ce gobe goben nan zai sa a daina sa waƙar.

Haba, wa ya gaya masa? Shugaban sashensu ya saurare shi har ƙarshe, ya jawo kwali daga ƙarƙashin tebur cike da wasiƙun masu neman Laraba, ya ce ya karanta ya zaɓi wanda za a ce wa a'a. Ya ƙara da cewa matar wani babban soja kan bugo waya da kanta in an kwana biyu ba a sa ba, shi kuma yana da iyali. Muka aika wa mai kamfanin faifai takarda. Amsar da ta zo ita ce yana taya mu murna, faifan ya shiga Ghana. Na je wurin masu kaset a kasuwa na roƙe su. Ɗaya ya ɗauka wasa nake, ya kira maƙwabtansa su zo su ga mai gangar Laraba, suka sa ni a tsakiya suna so in taka musu.

Sai dabara ta zo min, na ce tunda ba a iya hana ɗorawa, to a sauke. Muka koma ɗakin Habila, na buga bugu ukun nan na dafe fata, ya ɗauka ya liƙa a ƙarshen waƙar, ya kai gidan rediyo ya musanya da tsohon a ɓoye. Na zauna gaban rediyon mai shayi ina jira. Waƙa ta yi nisa, saura kaɗan, sai mai gabatarwa ya rage sauti ya fara karanto gaisuwa, wane na gaida wance, wance na gaida ƙawarta a Gusau. Kullum haka yake yi, ba ya bari ta kai ƙarshe. Habila ya roƙe shi, ya ce to, washegari ya manta. Kaset ɗin kasuwa kuwa duk tsohon ne. Magana zarar bunu, sai a lokacin na san ma'anarta.

Habila ya ciro zoben tef ɗin daga wuyan kwalba, ya tsinke shi da hannunsa, ya naɗe a takarda ya ba ni. Ya ce in kai wa Baba, in ce masa Habila ɗan Malam Dauda yana neman gafara. Mu duka mun san akwai kwafi a na'urar wasa, akwai dubbai a gari. Amma abin da muke da shi ke nan.

Na sami Baba a zaure yana tufkar igiya. Ya tsufa a 'yan watannin nan fiye da yadda ya tsufa a shekara biyar. Na durƙusa na faɗi komai, ban rage ba, na ajiye zaren a gabansa. Na so ya zage ni, ko ya ɗauki igiyar nan ya zabga min. Ya ɗaga zaren ya duba shi a hasken ƙofa, ya tambaye ni ko a cikin wannan abin taken yake. Na ce a nan ya fara. Ya tambaya yaya ake tsai da shi. Na ce maɓalli ake dannawa.

"To danna," ya ce.

Ya ci gaba da tufkarsa. Can ya ce damina ta kusa, kuma gayyar farko bana a gonar Maigandi za a yi. Zai rataya ganga ya je ko ba a gayyace shi ba. In Maigandi ya ji fata ta gaske ya amsa, ya yi kirari, shi kuma ya sauke shi a gaban jama'a, to abin zai gyaru, bakin samari zai mutu. In bai amsa ba, shi ke nan. Ya ce in zo in gani da idona, tunda ni na ɗora.

Kafin ranar Atika ta aiko min cewa Maigandi ya daina faɗuwa. Na yi murna, wauta ta sa na ɗauka sauƙi ne. Ashe shi da kansa ya sa ɗansa ya riƙa ajiye masa rediyo a gaba lokacin zaɓi sonka. Ya zauna ya rungume ƙafar rumbu, ya cije rawaninsa, jikinsa yana kaɗawa, har waƙar ta wuce. Kullum, safe da yamma, sama da wata guda.

Ranar gayya na fito ta Ƙofar Kware da sassafe cikin tsofaffin kayana. An yi ruwa kwana biyu kafin nan, gero ya kai gwiwa. Mutum ya fi arba'in a gonar, mata sun jera ƙoren fura a gindin gawo. Da Baba ya iso da ganga sai wurin ya yi tsit, amma ba wanda ya hana shi. Ya fara da ƙananan manoma. Ya ɗora wa wannan, mutumin ya yi kirari ya duƙa, Baba ya sauke shi, ya koma kan wancan. Hannunsa bai manta komai ba. Na ji zuciyata ta ɗan saki.

Maigandi yana zaune a kan tushen itace a gefen gona, yana ɗaure ƙotar galmarsa da ta yi sako-sako. Baba ya bar shi ƙarshe kamar yadda aka saba. Ya gyara rataya, ya matsa tsakiyar gona, ya ɗora.

Ban taɓa jin taken nan ya fita kamar ranar ba. Amma kafin ya zagayo sau biyu sai na ji wani saurayi daga baya ya ce taka a hankali Laraba. Wasu suka kwashe da dariya. Biyu suka saki galma suka fara irin rawar da ake yi mana a kulob, kafaɗa na motsi, ƙafa na ja. Wani dattijo ya daka musu tsawa suka bari, amma an riga an ji.

Maigandi bai ɗago ba. Yana ta ɗaurin ƙotarsa, ya ja igiya da haƙori, ya duba, ya sake ja. Baba ya matsa kusa. Ya ƙara ƙarfi har jijiyar wuyansa ta fito, zufa tana bin gemunsa. Ya matsa har gangar tana kusan taɓa kafaɗar mutumin. Ina tsaye ina roƙon Allah a zuci, ko yatsa ɗaya ya motsa, ko gira. Sai Maigandi ya ɗaga kai a hankali ya dube shi.

"Kai na, Dodo?" ya ce. "Yi haƙuri. Na hana ma jikina jin shi. Yanzu ko na so, ba shi tashi."

Baba ya ci gaba da bugawa kamar bai ji ba, zagaye ɗaya, zagaye biyu. Sannan na ga hannunsa ya sassauta. Ya buga biyu a haɗe, ɗaya a ware, ya dafe fata da tafin hannu.

Kafaɗun Maigandi suka sauka. Ya saki galmar ta faɗi tsakanin ƙafafunsa, ya yi ajiyar zuciya mai tsawo, hawaye suka biyo kumatunsa bai share ba.

"Madalla," ya ce. "Wata biyar ina jiran wanga. Bar shi nan inda ka aje shi, Dodo. Kak ka sake ɗora man shi."

Baba ya ce to. Ya cire gangar daga kafaɗa, ya zauna a ƙasa kusa da abokinsa, aka kawo musu fura a ƙwarya ɗaya suka sha. Sauran manoma suka ƙarasa gonar ba kiɗa. Ba wanda ya kore ni, ba kuma wanda ya ce min ci kanka. Da na je yi wa Baba sallama ya ce in gaida abokan aikina, in ce wa yaron nan Habila ya yafe masa. Ni bai ce ya yafe min ba, bai kuma ce bai yafe ba. Maigandi ya rayu shekara huɗu bayan nan, yana noma kamar kowane tsoho, a hankali, a bayan samari. Taken da aka yi shekara tamanin ana ɗorawa a gidansu ba a sake ɗora wa kowa shi ba, ɗansa ma ya ce ba ya so.

Gayyar ran Asabar aka yi. Washegari Lahadi muna da wasa a kulob, an riga an manna takardu a gari, sojoji sun kama tebura uku a gaba. Muka yi sababbin waƙoƙinmu biyu, mutane suka ɗan taka suka zauna. Sai suka fara buga tebur suna kiran Laraba. Manjon nan ya ɗaga hannu ya nuna mu da kwalba. Habila ya dube ni, Rahila ta sunkuyar da kai. Na gyara ratayar gangata na ɗaga gula, shi kuma ya danna maɓallin.